Ranar da Na Ɗaure wa Hita Baki

Ina tsugune ina wanke ɗankwalina a baho na ji ƙarar. Daga sama ta zo, daga cikin silin banɗakin, kamar mutum na jujjuya tsakuwa a gwangwani. Na tsayar da wankin, na ɗaga kai. Shiru. Na ce a raina ko mutanen sama ne ke jan kujera, don halinsu ne. Na mayar da hannu cikin kumfa ke nan sai na ji wani ƙum mai nauyi, irin wanda ba kunne kaɗai ke jinsa ba, har ƙirji. Farantin silin ɗaya ya motsa. Da idona na ga ya ɗaga ya koma, ƙura ta zubo daga gefensa.

Mai hankali fita zai yi. Ni kuwa sai na miƙe na ɗaga famfon ruwan zafi na wurin wanke hannu, wai in ɗauraye kumfa tukuna in fita da mutuncina. Famfon ya yi tari sau biyu, ya yi kaki, sannan ya feso tururi fari fat, yana huci kamar kububuwa. Ruwa ko ɗigo babu. Tururin ya lashe ni a wuyan hannu. Na doke famfon ya rufe, na fita a guje, ƙafa ɗaya da silifas ɗaya babu, na tsaya a tsakiyar falo ina salati, kumfa na bin gwiwar hannuna tana sauka kan kafet ɗin Anti.

Lahadi ce, wajen ƙarfe goma na safe, cikin Janairu, kuma ni kaɗai ce a fulat ɗin. Anti, ƙanwar mahaifiyata, tana asibiti wurin aikinta na jinya. Ita ta ɗauko ni daga Kano bayan na gama sakandare, ta kawo ni Dubai, ta samar mini aiki a wani shagon turare a Abu Hail, muke zaune tare a bene na uku a Hor Al Anz. Wasu mata biyu da muke haya tare, masu ɗaya ɗakin, sun fita aiki tun safe. Ranar hutuna ce, na ce bari in rage wanki.

Sai na ɗan koma baya, don duk wanda na ba labarin nan daga gida tambayarsa ɗaya ce: me ya haɗa mutumin Dubai da ruwan zafi? Ni ma haka na ɗauka. A Yuli na zo, lokacin da idan ka fito daga ƙofa za ka ji kamar an buɗe maka tanda. Ranar farko Anti ta kai ni banɗaki ta ce, "Ki saurara, nan komai a juye yake. Wannan mai shuɗin, da kike gani na sanyi, shi ne zai dafa ki, don tankinsa a saman gini yake, rana na dukansa. Mai jan shi ne na sanyi." Na karɓa ban tambaya ba. Garin da ake sanyaya rumfar jiran bas, me zai hana a juya famfo? Wata biyar ina wanka da famfo mai ja, ban san cewa ruwansa daga wani tankin ƙarfe mai dafa ruwa yake zuwa ba, wato hita, wanda ke kwance a cikin silin, daidai saman kaina, a kashe, yana jiran lokacinsa.

Da Disamba ta shigo sai garin ya nuna ɗaya fuskar. Sanyin nan ba wani abin a zo a gani ba ne, in an faɗi gaskiya, amma gidajen ba a yi su don shi ba. Tayil ko'ina. Da safe idan ka taka ƙasa kamar ka taka bayan kifi. Anti, wadda kullum take cewa ita ta saba da ƙasashen waje, ita ce ta fara fito da safa da hular saƙa da wata suwaita mai hoton barewa. Ranar ta danna wani makunni mai jar fitila a gefen ƙofar banɗaki ta ce, "Daga yau ja ya koma ja. Kada ki manta ki ƙone mini, ban da abin da zan gaya wa uwarki." Sanin da na yi wa hita ke nan, makunni ɗaya da jar fitila.

To, ga ni a falo, waya na zamewa a hannuna saboda sabulu. Sau biyu na kira Anti ba ta ɗauka ba. A na uku ta ɗauka da irin muryar da take yi in tana gaban mara lafiya.

"Ke, lafiya? Ina aiki."

"Anti, silin yana motsi."

"Silin me?"

"Na banɗaki. Kuma famfo hayaƙi yake fitarwa. Anti, wallahi wani abu na buga ganga a sama."

Na miƙa wayar wajen ƙofa don ta ji da kanta. Kamar abin yana jira, ya sake yin ƙum, sannan ya ɗora da wani gurnani. Da na mayar da wayar kunne, muryar asibiti ta tafi, ta gida ta dawo.

"Innalillahi. Matsa daga nan. Kada ki taɓa komai, kin ji ko? Bari in sa Baba ya kira ki."

Baba mai gyara dattijo ne mutumin Filato, ya daɗe yana aikin wuta da famfo da na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani a Al Qusais. Duk mai jin Hausa a unguwarmu yana da lambarsa. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar, da fuskarsa ta cika wayata a kiran bidiyo. Fitowarsa ke nan daga coci, yana sanye da farin kaftani da tabarau, mutane na ta wucewa a bayansa suna gaishe shi.

"'Yata, ke ce 'yar Anti? To, daina kuka tukuna, ba na jin magana cikin kuka. Hannunki a jiƙe yake?"

"Eh, Baba."

"Goge shi tas. Sa takalmin roba, ƙafa biyu, ba ɗaya ba, ina ganin ki. Yawwa. Je ki danna makunnin nan mai jar fitila. Daga waje yake, ba sai kin shiga ba."

Na je ina bin bango, na miƙa hannu iya tsawonsa na danna. Fitilar ta mutu. Gurnanin bai mutu ba.

"Baba, yana nan yana yi!"

"Zai yi mana. Tukunya ma in kin sauke ta ba nan take take daina tafasa ba. Amma ni ban yarda da makunnin gidan haya ba. Wani lokaci fitilar kaɗai yake kashewa don ya faranta miki rai. Ina akwatin wutarku?"

Ban san muna da akwatin wuta ba. Shi ya sa na zaga da wayar har ya hango shi da kansa a bayan ƙofar shigowa, Anti ta rataye kalanda a kansa. Na buɗe. Ƙananan makunnai a jere kamar haƙora, kowanne da rubutu a ƙasansa, wani da Larabci, wani da wani rubutun da ban san na wace ƙasa ba ne, duk sun koɗe. Baba ya ce in matso da wayar ya karanta. Kafin ya gyara tabarau sai ƙarar ta sake zuwa, ta fi ta ɗazu. Ban jira ba. Na kama babban da ke gefe na ja shi ƙasa da hannu biyu.

Komai ya ɗauke. Firij ya yi shiru, fitilar falo ta mutu, fuskar Baba ta daskare da baki a buɗe, sannan ta ɓace. Waifai ya tafi da wutar, ni kuma ba ni da data.

Wannan ɗan lokacin shi ne ban so in tuna. Bai fi minti ɗaya ba, na sani, amma yau kwana tara ke nan kuma har yanzu idan firij ya yi shiru da kansa sai gabana ya faɗi. Ina tsaye a bayan ƙofa, babu kowa, babu murya, sai ni da abin da ke numfashi a silin. Ƙofar fita na nan a gabana, hannuna ma yana kanta, amma ban iya murɗa ta ba.

Wayar ta yi ƙara, kira na sosai wannan karon.

"'Yata, hita na ce ki kashe, kin kashe Dubai gaba ɗaya."

Na yi wata dariya mai haɗe da majina.

"Ba laifi, hakan ma ya fi. Yanzu wuta ba ta shiga. Leƙa daga bakin ƙofa ki gaya mini, ruwa na zuba daga silin? Ya kamata a ce yanzu yana zuba sosai."

Na leƙa. "A bushe yake, Baba."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo. Da dai yana yi. Na gyara."

Ina jin motoci na wucewa ta wajensa.

"Kin gyara," ya ce a hankali. "Gaya mini yadda kika gyara."

Ga yadda aka yi. Tun farkon watan silin ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, a kusurwa. Anti ta ajiye bokiti, ta ce za ta gaya wa mai gadin ginin. Ta gaya masa, ya ce inshallah. Inshallah ɗin ta yi sati biyu. Ni kuwa a gidan da na tashi, ruwa a kai ake kawo shi. Na yi shekaru ina ɗaukar jarka daga burtsatsen bayan layinmu kafin in tafi makaranta. Mahaifiyata ko butar alwala ka bari tana yoyo sai ka ji a jikinka. Mahaifina kuma bai taɓa kiran mai gyara don bututu ya fashe ba: leda, robar taya, a ja a ɗaure, shi ke nan. Ina kallo na koya. Don haka ganin ruwa mai kyau yana zuba a banza, dare da rana, a garin da ko rijiya ban gani ba, ya tsaya mini a rai.

Ranar Laraba da na dawo aiki da wuri, na ɗora kujera, na ture farantin silin, na haska da waya. Na ga farin tanki a kwance, ga wani ɗan bakin ƙarfe a gefensa kamar bakin buta, da ɗan hannu a samansa, daga nan ruwan ke fitowa. Na ce ashe ma abin bai kai ya kawo ba. Na yanko asuwakina na fiƙe shi, na cusa a bakin, na buga da ƙasan cokali har ya zauna. Na naɗe da leda. Sai na ɗauko robar taya da mahaifiyata ta ɗaure mana kwalin kuka da daddawa da ta aiko ta jirgin kaya, na naɗa, na ja, na naɗa, na haɗa har da ɗan hannun na danne shi, na ƙulle. Ɗigo ya tsaya cak. Ban gaya wa kowa ba, ina jira a lura a tambaya, in ce ai ni ce. Washegari ina ji Anti ta tsaya a ƙasa tana yi wa mai gadi godiya. Shi kuma ya dafa ƙirji ya karɓa.

Duk na zayyana wa Baba wannan, har da ƙasan cokalin. Ina tsammanin faɗa. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi, don muryarsa sai ta yi laushi ƙwarai, irin yadda ake yi wa wanda kunama ke kan wuyan rigarsa.

"To. Ki ji ni da kyau, 'yata. Ga ni nan na tare tasi, zan biya gida in ɗauki kayan aiki. Abin da kika toshe, ta nan tankin yake numfashi. Yanzu cike yake da tururi, ba shi da hanya. Je kicin ki buɗe famfon zafi, ki tsaya gefe."

Na buɗe. Ruwa mai ɗumi ya zubo lafiya lau.

"To na kicin daban ne, bai taimake mu ba. Saura na banɗaki. Famfon irin na ɗagawa ne ko na murɗawa?"

"Na ɗagawa."

"Kuna da mofa mai doguwar sanda?"

"Baba, ba zan shiga ba. Wallahi ba zan iya ba."

"Ban ce ki shiga ba. Daga bakin ƙofa za ki miƙa sandar ki ɗaga shi, jikinki na bayan bango. In kin ga ba za ki iya ba, bar shi, fita kawai, ba wanda zai ga laifinki. Amma in kin iya, kin ba shi hanya."

Na tuna matar da ke fulat ɗin gefenmu, wadda banɗakinta ke jingine da namu, da yadda nake jin ta tana yi wa jaririyarta wanka da hantsi tana mata waƙa da yarensu. Na ajiye wayar a ƙasa na buɗe muryarta. Ban san dalili ba, sai na ɗauko babbar tukunyar tuwon Anti na kifa a kai. Baba yana jin ƙarar ƙarfe ya ce, "Mene ne wannan kuma?" Na ce tukunya ce. Ya ce, "Madalla. Soja ya shirya. Yalla, mu je."

Na farko na zungure kofin burushi ya tarwatse. Na biyu na doki madubi. Tukunyar ta zamo ta rufe mini ido, na tura ta baya da kafaɗa. A na uku bakin sandar ya shiga ƙarƙashin hannun famfon, na yi bismilla na ɗaga.

Ihun da famfon nan ya yi, ban taɓa jin irinsa ba. Nan da nan banɗakin ya zama fari, tururi ya biyo ƙofa ya daki tukunyar. Na saki mofa, na suri waya, na fita. Ban bi ta lifta ba. Na buga ƙofar maƙwabciyar da ƙafa, ta buɗe da jaririya a kafaɗa, ta ga mace da tukunya a kai tana nuna sama tana cewa "hita, bum, yalla, yalla!" Allah ya yi mata albarka, ba ta tsaya neman bayani ba, ta biyo ni. Sai a bene na ɗaya na tuna na cire tukunyar.

Mai gadi na same shi yana shan shayi. Da guntun Larabcina da guntun Turancina da hannu biyu na gaya masa. Ya leƙa sama, ya ce "shwaiya, shwaiya," wato a bi a hankali, amma na lura bai hau ba. Ya dai fito mana da kujeru biyu bakin titi.

Nan muka zauna gaban shagon wanki da guga, iska mai sanyi na shiga ta zanena da ya jiƙe. Sai a lokacin na ji zafin hannuna. Wurin ya yi ja, ya fara tasowa. Anti ta kira, tana cikin tasi ita ma. Na ce zan shafa man goge baki. Ta ce in na kuskura sai ta ƙara mini wata ƙunar, ruwan sanyi kawai. Mai shagon ya ba ni gora ɗaya, maƙwabciyar tana zuba mini a hankali da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da 'yarta. Ba mu da yaren da ya haɗa mu. Idona na kan ƙaramar tagar banɗakinmu, inda tururi ke fita siriri kamar ana dafa abinci. Duk motar da ta taka murfin kwata sai na zabura. Abin da ke yawo a kaina shi ne yadda za a kai labarin gida. A ce wance ta tafi Dubai, ba jirgi ba, ba mota ba, asuwaki ne ya yi ajalinta, kuma nata. Na san ƙannena za su yi kuka da gaske, amma na san bayan arba'in sai wani ya fashe da dariya.

Baba ya iso wajen sha ɗaya da rabi, kaftanin coci a jikinsa, jakar kayan aiki a kafaɗa. A fili ya fi gajarta. Ya dubi tukunyar da ke kan cinyata, ya dube ni, ya karɓi tsani wurin mai gadi ya hau. Ya ce kada kowa ya biyo shi. Anti ta iso bayansa kaɗan, da kayan asibiti da suwaitar barewa a sama. Ta kama hannuna ta duba, ta ce ba zai bar tabo ba, ta rungume ni har na ji ƙashina, sannan ta sake ni ta ce, "Tukunyata ce wannan?"

Mun fi awa muna jira. Tagar ta daina hayaƙi. Aka kira azahar a masallacin bayanmu, na kasa tashi. Can sai Baba ya leƙo ta baranda ya yafito mu.

Na tsaya a falo, na ƙi ƙarasawa. Banɗakin duk ya jiƙe, bango na zufa, famfo na zubar da ruwa shiru kamar bai taɓa yin komai ba. Baba ya fito da abu a tafin hannunsa ya ajiye a kan tebur: asuwakina, ya kumbura ya yi baƙi, ledar ta narke ta manne masa, robar kuma a yanke.

"Sai da na sa wuƙa," ya ce wa Anti. "Na gwada kwancewa, na kasa. Shekaru nawa ina aikin nan, ban ga ɗauri mai kyau irin wannan ba. 'Yata, wa ya koya miki?"

"Babana."

"Ki gaishe shi. Ki ce masa yana da magaji. Amma ki ce ya ƙara miki darasi ɗaya: kafin a ɗaure abu, a tambaya me ya sa yake zuba."

Anti ta dubi asuwakin, ta dube ni. "Ke ce? Ke ce kika yi, kika bar ni ina zuba wa mutumin can godiya har da kai masa dambun nama?"

"Anti, so nake ki lura da kanki."

"Ai kuwa na lura. Duk Hor Al Anz ta lura."

Baba ya ciro wani ɗan ƙarfe dogo daga aljihu, kansa ya ƙone. Ya ce sunansa tamostat, aikinsa ya yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da ake so. Namu ya mutu, shi ya sa hitar take ta dafa ruwa ba tsayawa. Da ma idan hakan ta faru, wancan ɗan bakin ne ke buɗewa ya rage. Ɗigon da ya dame ni, hitar ce ke cewa ba ta da lafiya.

"Kin taɓa dafa wake ki danne murfin da dutse?" ya tambaye ni.

"A'a."

"Me ya sa?"

Na sunkuyar da kai.

"To kin ga. A kicin kin sani. Hawa kujera ne ya ɗauke miki ilimin."

Anti ta tambayi abin da na kasa tambaya, ko da gaske zai iya fashewa. Baba ya juya asuwakin da yatsa. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, bai sani ba. Wataƙila itacen ne zai fara sakewa ya harbo kamar harsashi, wataƙila wani bututun ne zai tsage, wataƙila tankin. Kwanakin baya ana ta wanka ana rage zafin, yau ne kowa ya fita da wuri aka bar shi a kunne. "Wanne zai riga, ban sani ba. Kuma na gode wa Allah da ba mu gani ba." Ya ce hita in tana ƙara, ko ruwanta ya wuce zafin da aka saba, ko tana ɗiga, a kashe wuta a kira mai gyara, kada a taɓa. Anti ta ce za ta rubuta ta manna a ƙofa, da manyan baƙaƙe, saboda injiniyoyin gidan.

Suna ta wannan ni ban zauna ba. Idona na kan ramin silin da ya bari a buɗe.

"Baba, yanzu fa?"

"Yanzu na cire wayar wutarta gaba ɗaya, na naɗe. Na mayar muku da wutar gida. Gobe zan zo da sabon tamostat da sabon bawul, wato wancan ɗan bakin, in duba tankin, in bai yi mini ba a canja shi. Yau ku dafa ruwa a buta."

"Amma ba zai yi komai ba?"

"Ba zai yi ba."

"Ko an jima? Ko muna ciki?"

Anti ta ce, "Ke, sau nawa za a gaya miki?" Baba ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga yadda nake riƙe da bakin ƙofa.

"Zo," ya ce. "Ke da kika hau kan kujera ke kaɗai, tsani ba zai gagare ki ba. Ni zan riƙe."

Na ce a'a. Ya ce shi ba ya sauri, shinkafar Lahadi ta riga ta huce. Anti ta dafa bayana. Na shiga ina taka ruwa, na kama tsanin, na hau ɗaya, na hau biyu. A mataki na huɗu kaina ya shiga cikin silin. Duhu, warin jiƙaƙƙen siminti, ga tankin nan dab da fuskata.

"Taɓa shi."

Na miƙa yatsa ɗaya na janye. Na sake miƙawa. Sannan na ɗora tafin hannuna gaba ɗaya. Sanyi ƙalau. Na kara kunne. Ba komai, sai ƙarar ruwa can ƙasa yana bin bututu.

"Me kika ji?" Baba ya tambaya daga ƙasa.

"Sanyi."

"To randa ce yanzu, randa a saman ɗaki. Ba wuta, ba tururi. Khalas, shi ke nan, 'yata, kin tsira. Ke da maƙwabtanki duka."

Ƙarfe biyu saura kwata, na gani a agogon hannun Anti da ta miƙo don ta tare ni. Sai a lokacin kukan na gaske ya zo, kaina a cikin silin, ƙafafuna a kan tsani, na kasa hawa na kasa sauka. Anti na cewa in sauko a hankali, Baba na cewa a bar ni in gama, ba inda tsanin zai je.